Lauyan Ƙasa Ko Lauyan Jam'iyya?

Akwai wata kujera a ƙasar nan wadda yawancinmu ba mu taɓa ganin mai zama a kanta ba, ba ma kuwa zaɓensa da ƙuri'a, amma hannunsa yana kaiwa har bakin gonakinmu da ƙofar gidajenmu. Kujerar nan ita ce ta Babban Lauyan Gwamnati, wanda ake kira Antoni Janar. Akwai na tarayya a Abuja, akwai na jiha a Kano. Maganar da muke so mu yi a wannan fitowa guda ɗaya ce: al'adar da aka ɗauka ta ɗauko lauyan jam'iyya a ɗora shi bisa wannan kujera ta lalata shari'a a Nijeriya, kuma mu da ba mu da kowa a sama, mu ne muka fi kowa shan wahalarta.

Bari mu fara da ikon da ke hannun mai wannan kujera, domin mutane da yawa suna tsammani wani minista ne kawai a cikin ministoci. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 150, ya ce Babban Lauyan Tarayya shi ne shugaban harkokin shari'a na ƙasa, shi ne kuma minista a cikin gwamnati. Sashe na 174 ya ba shi iko uku. Yana iya shigar da ƙarar laifi a kan kowa. Yana iya karɓe ƙarar da wata hukuma ta shigar, ko 'yan sanda ko EFCC, ya ci gaba da ita da kansa. Yana kuma iya dakatar da ƙarar a kowane mataki kafin alƙali ya yanke hukunci. Sashe na 195 da na 211 sun ba Babban Lauyan jiha irin wannan iko a kan laifuffukan da suka shafi dokokin jiha. Tun a 1983, a shari'ar da aka sani da sunan Ilori, Kotun Ƙoli ta ce idan Babban Lauya ya janye ƙara, kotu ba za ta tuhume shi a kan dalilinsa ba. Ga mutum mai irin wannan iko, amma shugaban ƙasa ko gwamna ne yake naɗa shi, yana kuwa iya tuɓe shi da safe ko da yamma ba tare da ya ba kowa dalili ba.

Misali mafi bayyana a zamaninmu shi ne na Abubakar Malami, wanda ya riƙe kujerar daga watan Nuwamba 2015 har zuwa watan Mayu 2023. An haife shi a Birnin Kebbi a 1967. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya zama lauya a 1992, ya yi aikin gwamnati a Jihar Kebbi, daga baya ya yi aikin lauya mai zaman kansa a nan Kano, ya kai muƙamin SAN a 2008. Har nan babu abin cewa sai yabo, gama ƙoƙari ne na ɗan Arewa. Amma a gefe guda shi ne mai ba jam'iyyar CPC ta Janar Muhammadu Buhari shawara kan shari'a, yana cikin waɗanda suka yi aikin haɗakar da ta haifi APC a 2013, ya kuma nemi tikitin gwamnan Kebbi a 2014, Atiku Bagudu ya kayar da shi. Bayan shekara guda aka naɗa shi Babban Lauyan Tarayya. A watan Yuli 2022, yana kan kujerar, ya auri 'yar shugaban ƙasar da yake yi wa aiki.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Zama lauyan jam'iyya sana'a ce halal, neman gwamna haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, aure kuwa alheri ne. Abin da muke ƙi shi ne a tara dukan waɗannan a jikin mutum ɗaya, sa'an nan a miƙa masa mabuɗin gidan yari a ce ya riƙe wa kowa da kowa bisa gaskiya. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Bari mu duba askin da aka yi.

A watan Disamba 2015 aka tsare Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kotuna daban-daban suka ba da belinsa, ba a sake shi ba. A watan Oktoba 2016 kotun ECOWAS ta ce tsarewar ta saɓa wa doka, ba a sake shi ba. Sai ranar 24 ga Disamba 2019, bayan shekara huɗu, ofishin Malami ya ba da sanarwar cewa a sake shi. Haka kuma a watan Disamba 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarni a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45. Ba su fita ba sai a watan Yuli 2021, sa'ad da wata kotu a Kaduna ta wanke su. Mu ba mabiyan Zakzaky ba ne, ba kuma mu ce Dasuki ba shi da tambayoyin da zai amsa ba. Amma sashe na 287 na Tsarin Mulki ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin kotu, bai ware wanda gwamnati take jin haushinsa ba. Aikin Babban Lauya ne ya shiga wurin maigidansa ya ce, ranka ya daɗe, alƙali ya yi magana. A maimakon haka, abin da muka riƙa ji shi ne cewa tsaron ƙasa yana gaba da 'yancin mutum ɗaya. To, wa yake faɗin abin da ake kira tsaron ƙasa? Wanda ya tsare ka ɗin.

Yanzu ku gwada wannan da abin da ya faru a 2022. Dokar Zaɓe ta wannan shekara, a sashe na 84(12), ta hana masu riƙe da muƙaman naɗi, irin su ministoci, shiga zaɓen fid da gwani suna kan kujera. Ranar 18 ga Maris 2022 wata Babbar Kotun Tarayya a Umuahia ta soke sashen, ta umarci Babban Lauya ya share shi daga dokar. Ba a kwana ba ofishin Malami ya fito ya ce zai bi umarnin. A watan Afrilu sai ga shi ya bayyana niyyarsa ta neman gwamnan Kebbi. Daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine hukuncin Umuahia, Kotun Ƙoli kuma ta kori ƙarar da shi da shugaban ƙasa suka shigar a kan sashen a watan Yuni, shi kuwa ya riga ya janye daga takarar a watan Mayu ya ci gaba da zama minista. Ku lura da kyau: umarnin kotu da ya shafi 'yancin wani ya yi shekara huɗu yana jira, wanda ya shafi takarar mai kujera kuwa bai kwana ba.

Ga kuma batun janye ƙara. Tun 2011 hukumar EFCC take shari'a da Sanata Danjuma Goje, tsohon gwamnan Gombe. A 2019 Goje yana cikin masu neman shugabancin Majalisar Dattawa. Ranar 6 ga Yuni ya gana da shugaban ƙasa a fadarsa, ya fito ya ce ya janye wa Sanata Ahmad Lawan. Kashegari, a kotu a Jos, ofishin Babban Lauya ya karɓe ƙarar daga hannun EFCC. A watan Yuli aka janye sauran tuhumar, aka sallame shi. Ofishin ya ce kotu ta riga ta watsar da mafi yawan tuhume-tuhumen, saura kuma ba su da ƙarfi. Mai yiwuwa ne haka ɗin ne. Amma ƙarar da ta yi shekara takwas tana tafiya, me ya sa ba a ga rauninta ba sai washegarin janye takara? Ko da an yi gaskiya a ciki, wa zai gaskata? Wannan ita ce hasarar da lauyan jam'iyya yake jawo wa kujerar: ko ya yi daidai, ba mai yarda.

Wani zai ce waɗannan rigingimun manya ne, ina ruwan mai noman gero da gyaɗa a Kunci ko Makoɗa? To, mu tuna da farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin kuwa babu su a hannun mutane. Duk wanda ya je kasuwar Danbatta ko ta Bichi a makonnin nan ya san abin da idonsa ya gani. Manomi ya kai buhun wake ko ɗan akuya, mai saye ba shi da tsabar kuɗi, sai a karya farashi. Mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka koma gida da kayansu. Mai majinyaci ya rasa na mota. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Kano ma ta shiga. Ranar 8 ga Fabrairu kotun ta ba da umarni kada a yi aiki da wa'adin. Ofishin Babban Lauya ya tsaya a kan cewa kotun ba ta da hurumin jin ƙarar. Ranar 16 ga Fabrairu shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce naira 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dukan tsofaffin takardun suna nan da ƙarfinsu har ƙarshen shekara, ta kuma yi tir da ƙin bin umarninta. Duk da haka sai ranar 13 ga Maris Babban Banki ya sanar da cewa ya bi. Kowace rana a cikin kwanakin nan, wani a ƙauyukanmu ya sayar da guminsa a wulaƙance. Da a ce mai kujerar yana jin tsoron doka fiye da tsoron maigida, da wahalar ba ta kai haka ba.

Muna so mu ja kunnen junanmu a nan, domin mun san yadda zance yake juyawa a bakin wasu. Kada wani ya ce matsalar ita ce garin da Malami ya fito, ko addininsa, ko jam'iyyarsa. Michael Aondoakaa Kirista ne daga Binuwai, ɗan PDP, ya riƙe wannan kujera a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010. Ya yi amfani da ofishinsa ya hana a aiwatar da hukuncin kotu a kan wata kujerar majalisar wakilai ta Akwa Ibom. A 2010 Babbar Kotun Tarayya a Kalaba ta ce bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba, a watan Disamba 2021 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. A 2023 ma, wanda aka naɗa bayan Malami, wato Lateef Fagbemi, shi ne ya jagoranci lauyoyin APC a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta wannan shekara. Ashe ciwon yana jikin kujerar ne, duk wanda ya hau sai ya ɗauka.

Mu dawo gida Kano. Ranar 2 ga Yuni 2016 aka kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa mai shekara 74, matar wani fasto, a kasuwar Ƙofar Wambai, da rana tsaka, a gaban jama'a. Aka gurfanar da mutum biyar a gaban majistare. A watan Nuwamba na shekarar aka sallame su duka, bisa shawarar ofishin Babban Lauyan jiha cewa ba su da tuhumar da za su amsa. Ba mu ce a hukunta marar laifi ba, Allah ya kiyaye. Amma idan ba su ba ne, su wane ne? Takarda guda daga ofishin kwamishina ta rufe maganar, ba a kira shaidu a gaban babbar kotu ba, babu kuwa wanda ya isa ya tambayi dalili. Kwamishinan Shari'a ɗan majalisar zartarwa ne, yana zama tebur ɗaya da masu lissafin ƙuri'u. Mu kuwa, duk wanda ya yi lissafin ƙuri'u a jihar nan ya san ba mu da yawa. Mai rinjaye yana da taron jama'a da za su tsaya masa. Marar rinjaye ba shi da kome sai doka, in an sa dokar a aljihun ɗan siyasa, to, an bar shi a fili.

Haka abin yake a kan gona, wannan kuwa ya shafe mu da maƙwabtanmu Musulmi daidai wa daida. A ƙasarmu ta arewacin Kano babu sauran daji, gona tana manne da gona, abin da uba ya bari ana rabawa har ya koma 'yan kunyoyi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuwa ta amfanin gona ce da gini da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Ranar da aka auna gonakin wani ƙauye a bakin madatsar Watari ko ta Tomas, ko a gefen sabuwar hanya, aka ce amfanin jama'a ne, alhali wani mai kuɗi ne zai ci, wa zai gaya wa gwamna cewa dokar ba ta ce haka ba? In manoma suka haɗa kuɗi suka je kotu suka ci nasara, wa zai sa a bi hukuncin? Shi ne dai wannan lauya da gwamna ya naɗa.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, bari mu faɗe ta da gaskiya. Suna cewa kowane shugaba yana bukatar lauyan da ya amince da shi, wanda ya san manufofinsa, kamar yadda kowane maigida yake da aminin shawara. Mun yarda. Shugaba ya naɗa Ministan Shari'a daga jam'iyyarsa, gwamna ya naɗa kwamishinansa, su kula da kasafin kuɗin ma'aikata da tsara dokoki da manufofi. Amma ikon kama mutum a kai shi kotu, da ikon janye ƙara, a ba wani dabam, wanda yake da wa'adi tsayayye, wanda ba a iya tuɓe shi sai ta hanyar da ake tuɓe alƙali, wanda kuma aka hana shi takara har sai ya yi wasu shekaru da sauka. Wannan ba mafarki ba ne. Ƙasar Kenya, a tsarin mulkinta na 2010, ta cire ikon gabatar da ƙara daga hannun Babban Lauya ta ba wani darakta mai cin gashin kansa, wanda yake yin wa'adi ɗaya na shekara takwas ba ƙari. A nan gida ma Majalisar Tarayya ta taɓa amincewa da raba kujerun biyu a cikin gyaran tsarin mulki, amma a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, raba kujerun nan kuwa yana cikin dalilan da ya bayar. Babu shugaban da yake son ya saki wannan sanda da kansa.

Abin da ya biyo baya a rayuwar Malami ya isa wa'azi. A watan Yuli 2025 ya bar APC ya koma ADC, a cikin watan ne kuma Buhari ya rasu. A watan Disamba 2025 hukumar EFCC ta tsare shi, ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar halatta kuɗin haram. Ya musanta tuhumar, ya ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. Ba mu yi murna ba, kada kuwa wani a cikinmu ya yi. A gaban doka shi marar laifi ne sai kotu ta tabbatar da akasin haka, kuma muna nema masa abin da muka nema wa Dasuki da Zakzaky: a yi masa shari'a a fili, duk umarnin da alƙali ya bayar a kansa a bi shi a ranar. Amma ku dubi yadda abin ya juya. Mutumin da ya yi shekara bakwai da rabi yana riƙe da sandar, yau shi ne yake cewa ana dukan mutane da ita saboda siyasa. Wa ya fi shi sanin yadda ake yi? Shi ya sa magabata suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

To, me ya rage gare mu? Sashe na 9 na Tsarin Mulki ya ce ba a gyara shi sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da kuma amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Majalisar Dokokin Kano mai mutum 40 tana ɗaya daga cikinsu. Wato ɗan majalisar da yake wakiltar Tsanyawa da Kunci, ko Bichi, ko Ɓagwai da Shanono, yana da ƙuri'a a kan wannan magana. Lokacin zaɓe zai zo da buhun taki da atamfa da alkawarin rijiya. Dattawa, sa'ad da ya zauna a kan tabarmarku, ku tambaye shi a gaban mutane ko zai goyi bayan raba kujerar Babban Lauya da ta Kwamishinan Shari'a. In bai san zancen ba, ku bayyana masa. In ya yi alkawari, ku sa magatakarda ya rubuta da kwanan wata. Ku tafi da maƙwabtanku manoma, gama gonarsu da tamu iyaka ɗaya ce.

Sa'an nan mu yi hankali da lauyoyin da muke ɗauka wa kanmu. Idan rigimar fili ko ta gado ta taso tsakaninku da ƙaramar hukuma, ku bincika kafin ku miƙa takardunku. Lauyan da yake neman tikitin kansila ko na majalisa a hannun shugaban da kuke ƙara, ba zai yi muku faɗa da zuciya ɗaya ba, kome daɗin bakinsa, ko da kuwa tare kuke zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Ku riƙe asalin takardunku, ku ba shi kwafi. Ku karɓi rasit a kan kowane kuɗi. Ku aiki mutum biyu su zauna a kotu duk ranar da aka kira ƙarar, su ji da kunnensu. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Ga 'ya'yanmu da suke karatun lauya a Bayero da Zariya da Jos, muna alfahari da ku, mun kuwa sayar da awaki da hatsi domin ku kai inda kuka kai. Wata rana ɗan siyasa zai kira ɗayanku ya ce zo ka zama lauyana. Ka tambayi kanka tun kafin ka amsa, ko za ka iya duban idonsa ka ce masa kotu ta hana. In ba za ka iya ba, ka bar masa kujerarsa, ka dawo ka tsaya wa gwauruwar da ake so a ƙwace wa gona.